Kafin ka tura kuɗin fili ko gida a Kano, bari lauyanka ya fara gani

"Alhaji wallahi mutum uku ne a kan filin nan, don dai kai ne na riƙe, amma in ba ka ajiye wani abu yau ba, gobe ban yi maka alƙawari ba." Duk wanda ya taɓa neman fili ko gida a garin nan ya san wannan karatun, dillalai sun haddace shi tsaf. Ni ma an biya min shi wata ranar Asabar can bayan Ɗanbare, ina tsaye a tsakiyar gona ana nuna min wani dutse da bishiyar darbejiya wai su ne iyaka, kuma na ajiye ɗin, kafin alƙalami mai kauri, aka rubuta min a fallen takarda aka shafa fatiha aka watse. Bayan sati uku na dawo da mai awo sai na tarar da tifa biyu na yashi a wurin, wani bawan Allah na zaune a kai da tasa takardar, irin tawa sak, har rubutun hannun ɗaya ne. Kuɗina sun dawo, ban ce ba su dawo ba, amma a gutsuttsure, yau dubu hamsin wata mai zuwa dubu talatin, sai da aka kusa shekara, lokacin kuwa ko rabin fili ba za su siya ba.

Toh tun daga nan na daina abin da yawancinmu muke yi, wato sai an kai ruwa rana an kusa shiga kotu sannan a tuna da lauya. Lauya kafin kuɗi ake nemansa. A Ingila akwai lauyoyin da aikinsu kenan, cinikin gidaje, ba sa ma shiga kotu, amma a Najeriya duk wanda aka rantsar lauya yana da ikon yin duka biyun, shi ya sa kowa Barista ne a bakinmu. Sai dai ba kowane Barista ne ya saba da harkar ƙasa ba, ka nemi wanda ƙafarsa ta san hanyar Ma'aikatar Ƙasa, wanda in ka nuna masa lambar fayil zai gane wace irin takarda ce tun kafin ya buɗe. Kuma naka, ba na mai siyarwa ba, ba kuma wanda dillali zai ce "ai muna da lauyanmu da yake mana duk takardu" ba. Wannan lauyan nasu ne, dillalin ya faɗa maka da bakinsa ma. A doka lauya kaɗai ke da ikon karɓar kuɗi ya rubuta takardar miƙa mallakar gida ko fili, yaron shagon kwamfuta da ke da tsohuwar yarjejeniya yana canza sunaye ba ya ciki. Ka duba takardar da aka rubuta maka, ya kamata ka ga sunan lauyan da adireshinsa da ɗan sitika ɗin nan na ƙungiyar lauyoyi ta NBA.

Abu na farko da lauya zai fahimtar da kai shi ne me ma kake siya. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Kai abin da kake riƙewa haƙƙin zama ne da amfani, wanda a gidan zama yawanci shekara 99 ake rubutawa a satifiket. Don haka mai siyarwa ba ƙasa yake siyar maka ba, ragowar shekarunsa yake miƙo maka, kuma sashe na 22 ya ce ba zai miƙa ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 ya ce in aka yi babu ita cinikin bai inganta ba. Kotun Ƙoli ta nanata wannan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, har ga mutanen da suka mallaki wurarensu tun kafin dokar. Riƙe wannan a ranka, zamu dawo kansa.

Sai takardu. Ka ce wa mai siyarwa ya ba da fotokofin duk abin da yake da shi, ka kai wa Barista. A Kano abin hawa-hawa ne, akwai mai C of O cikakke, wato satifiket ɗin haƙƙin zama da gwamna ke bayarwa, akwai mai takardar girant wadda gwamnati ta ba shi fulotin amma bai ƙarasa ya karɓi satifiket ba, akwai mai takardar ƙaramar hukuma, akwai kuma mai awon igiya wanda duk abin da ke hannunsa yarjejeniya ce da sa hannun mai unguwa da dagaci. Ba wai na ƙarshen haramun ne siyansa ba, ai unguwanni da yawa a garin nan haka aka kafa su, amma kowanne da irin binciken da ake masa kuma kowanne da farashinsa. Abin lura game da takardar ƙaramar hukuma, dokar ta ba ƙananan hukumomi iko ne a kan ƙasar da ba ta cikin yankin da aka ayyana birni, toh Kano kuwa ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyuka, wurin da yake gona jiya yau cikin gari ne, sai lauya ya duba ya gaya maka nauyin takardar.

In mai C of O ne ko girant, lauyanka zai rubuta takardar neman bincike a Ma'aikatar Ƙasa, a biya kuɗin da aka yanka, a fito da fayil ɗin ko a duba a na'urar KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filayen jihar Kano. Nan ne ake ganin abin da dillali ba zai faɗa ba, ko ma bai sani ba. Sunan wa ke kan fayil yanzu. An jinginar da gidan a banki ko ba a jinginar ba. An taɓa soke takardar. Akwai wanda ya shigar da ƙorafi ya ce kar a taɓa. Shekara nawa ba a biya kuɗin ƙasa na shekara-shekara ba, don bashin nan in ba a yi maganarsa yanzu ba kai zai hau. Da kuma dalilin da aka ba da wurin, gidan zama ne ko kasuwanci, kar ka siyi fulotin zama da niyyar jera shaguna ka zo kana neman canji daga baya. A ƙarshen 2024 gwamnatin jiha ta fito da shirin sabunta satifiket, don haka a tambayi mai gidan ko ya sabunta nasa. Ka ce Barista ya ba ka sakamakon binciken a rubuce da sa hannunsa, ba a waya ba.

Sau da yawa zaka ga sunan da ke fayil ba na mai siyar maka ba ne, na mutumin farko ne da aka ba fulotin tun shekaru aru-aru, an siyar hannu huɗu babu wanda ya je ya canza suna. Wannan ba lallai damfara ba ce, sakaci ne irin namu, amma dole a jero takardun kowane ciniki daga na farko har zuwa kan wanda ke gabanka ba tare da giɓi ba. In akwai giɓi a tsaya. In kuma aka ce maka orijina ya ɓata ko gobara ta cinye shi, ka ƙara buɗe ido, don banki in ya ba da bashi orijinan yake riƙewa. Wanda takardarsa ta ɓata da gaske zai nuna rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda da sanarwar jarida, ya je ma'aikata a ba shi kwafi mai hatimi.

Bayan ma'aikata sai KNUPDA, hukumar tsara birni, a duba wurin bai faɗa kan hanya ba, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko filin makaranta da maƙabarta. Wanda ya ga rusau ɗin watan Yunin 2023, shagunan Filin Idi da gine-ginen Otal ɗin Daula, ya san cewa riƙe takarda ma ba ya hana katafila zuwa in asalin wurin na jama'a ne aka yanka. Da yawa cikin mutanen nan da takardunsu. Ni dai ra'ayina, duk wurin da aka yanko daga jikin makaranta, asibiti, masallacin idi, badala ko kududdufin da aka cike, komai arharsa komai kyan takardarsa ka bar shi, gwamnati tana canzawa.

Awon igiya kuwa babu fayil ɗin da za a buɗe, binciken na ƙafa ne. A ɗauki safiyo mai rajista ya ɗauko lambobin wurin da na'ura a kai ma'aikata a ɗora a taswira a ga ko gwamnati ta riga ta karɓe yankin ko ta ba wata hukuma, rikicin fili tsakanin mutanen Rimin Zakara da jami'ar Bayero ya ishi kowa misali. A nemo asalin mai gonar ko magadansa. A je wajen mai unguwa, ku gaisa, ranka ya daɗe mun zo tambaya ne a kan fili kaza, kuma ku je ba tare da dillalin ba. Sa hannun mai unguwa shaida ce mai amfani ƙwarai amma ba ita ce mallaka ba, wannan mutane su gane. Sannan maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa. Ka koma kai kaɗai da yamma ka zauna wajen mai shayi ko mai kanti na layin, ka ce naji ana siyar da filin can, zaka sha labari kyauta. In damina ce ma ya fi, ka je bayan an ɗauke ruwan sama ka ga inda ruwa yake kwanciya. Kuma a auna a gabanka, hamsin da saba'in da biyar ɗin da aka ce maka wani lokacin in aka ja tef sai ka ga ƙafa biyar ta tafi.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne gidan gado, kuma yawancin gidajen cikin gari da ake sakawa a kasuwa na gado ne. Bara na raka yayata siyan wani gida, muka zauna a ofishin lauya da babban ɗan mamacin, ya zo da takardu a cikin leda baƙa, mutum mai fara'a. Barista ya gama juya takardun ya ce, Alhaji ku nawa ne magada? Ya ce mu tara ne amma ni ne babba, duk abin da na yanke shikenan. Ya ce mata nawa? Huɗu. Duk sun sani? Sai ya ɗan yi shiru ya ce akwai ɗaya da ke aure a Katsina, ita ba ta da matsala. Akwai ƙaramin yaro? Akwai, ɗan amaryar Baba, yana firamare. Barista ya rufe fayil ya ce toh Alhaji ba yau ba. Yayata har ta fara jin haushi don ta ƙwallafa rai a gidan, a mota take ce min wannan lauyan naka zai sa a siyar wa wani. Na ce Yaya ki yi haƙuri, abin da muke biyansa ya yi kenan.

Abin da ya nema shi ne ko dai takardar kotun shari'a da ta raba gadon ta nuna wa gidan ya faɗa wa, ko ta ba da izinin a siyar a raba kuɗin, ko kuma duk magada su sa hannu da kansu, wanda ba ya gari ya aiko da wakilci a rubuce kuma a kira shi a ji daga bakinsa, yaron kuma kotu ta tabbatar da wanda zai tsaya masa. Girman ɗan fari ba ya ba shi ikon siyar da rabon ƙannensa. Ga kuma shuf'a, a mazhabar Malikiyya in gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya ya siyar da kasonsa ga bare, abokin tarayyar yana da haƙƙin ya biya kuɗin ya karɓe. Kaga kenan zaka iya siyan kason mutum ɗaya ka wayi gari ana mayar maka da kuɗinka. A cinikin yayata sai da aka yi wata biyu kafin takardar kotun ta fito, ta Katsinan ma ashe ba ta ma san ana cinikin ba.

Lauya zai kuma duba ko akwai shari'a a kan wurin, don wanda ya siyi abin da ake shari'a a kansa hukuncin zai hau kansa. In kamfani ne ke siyarwa, irin masu yanka rukunin filaye suna talla a Facebook da rediyo a biya kaɗan-kaɗan, a bincika rajistarsu a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, a ga su waye daraktoci, sannan a ga takardar babban filin da suke yankawa da amincewar tsarin da suka yi.

In duk wannan ya fita lafiya sai a rubuta yarjejeniyar ciniki. Nan ne kafin alƙalami yake shigowa, ba a gona ba. A rubuta farashi, nawa aka bayar, yaushe za a cika, me zai faru in ɗaya ya fasa, wa zai biya tsohon bashin kuɗin ƙasa da na wutar KEDCO da na ruwa, me da me ke cikin gidan da ba za a cire ba, don an sha ganin mai gida ya tashi da famfon burtsatse da ƙofofi har da tankin sama. In akwai 'yan haya a faɗi ranar da za su tashi da wanda zai tashe su, mai biyan shekara yawanci sai an ba shi notis na wata shida in ba wani abu suka rubuta da mai gidan ba, kar ka sa ranar tarewa alhali mutane na ciki. La'adar dillalai ma a yi maganarta tun yanzu, kashi 5 aka saba ji, amma wa zai biya kuma su nawa ne, don ranar biya sai ka ga mutum bakwai sun fito kowa ya ce da shi aka yi.

Biya ta banki, zuwa akawun mai sunan mai gidan, ba na ɗansa ba, ba na dillali ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani miliyan 10, don haka zancen a zo da kuɗi a buhu a ƙirga a ɗaki ya wuce. A wajen bayanin taransifa ka rubuta kuɗin gida mai lamba kaza. Ranar cikawa hannu da hannu ne, alat ya shiga, orijinan takardu su dawo hannunka, da rasit, da makullai.

A ranar ne ake sa hannu a babbar takardar, ta miƙa mallaka, wadda lauyoyi ke ce wa did. Lauyan mai siya ne yake tsara ta, na mai siyarwa ya duba. Kwafi da yawa ake yi, kowa ya sa hannu da shaidunsa. In mai siyarwa ba ya karanta Turanci, tsoho ne ko tsohuwa, dole a karanta masa a fassara da Hausa a rubuta a jikin takardar cewa an yi hakan da sunan wanda ya fassara, in ba haka ba gobe 'ya'yansa za su ce an sa shi ya dangwala abin da bai sani ba. Sunanka kuma ya zama daidai da na katin ɗan ƙasa. Yayata da farko cewa ta yi a sa sunan maigidanta don kunya, Barista ya ce Hajiya kuɗin waye? Ta ce nawa. Ya ce toh sunanki za a sa, in kina son ki ba shi kyauta daga baya wannan wata takardar ce daban. Gaskiya ya faɗa, ranar rabon gado babu mai tuna cewa kuɗin sarƙarki ne.

Wani abu da ake yi wanda ban so, a rage farashi a takarda don a rage haraji. Ma'aikata tana yin nata ƙiyasin, kuma in ciniki ya lalace abin da aka rubuta shi zaka nema a kotu.

Toh a nan ne kusan kowa yake tsayawa, an karɓi makulli an yi walima. Alhali a fayil ɗin gwamnati gidan yana nan da sunan wancan. Kar ka bari mai siyarwa ya tashi daga zaman nan sai ya sa hannu a takardar neman amincewar gwamna, don shi doka ta ɗora wa nema, kuma in ya bar gari ko ya rasu ka shiga bin magada ɗaya bayan ɗaya. Lauyanka zai shigar da ita ma'aikata da did ɗin da kwafin satifiket da shaidar biyan haraji, su ƙiyasta darajar gidan su yanka kuɗin amincewa da na rajista, a biya kuɗin hatimi a hukumar tara haraji, kwamishina ya sa hannu a madadin gwamna, sannan a yi wa takardar rajista a ba ta lamba da shafi da kundi. Yana ɗaukar lokaci, sai an yi ta bibiya, kuma kowane biya ka karɓi rasit na gwamnati. Amfaninsa, in mutum ya siyar wa mutum biyu, wanda ya riga yin rajista ba tare da sanin ɗayan cinikin ba shi ke gaba, kuma banki ba zai karɓi gidan jingina ba sai da wannan. Wasu suna tsallakewa su karɓi takardar wakilci kawai, fawa of atoni, wai ta fi arha. Wakilci izini ne na ka yi abu a madadin mutum, shi kaɗai ba ya mayar da gida naka. Mai awon igiya shi kuma sai ya fara neman nasa satifiket ɗin da sunansa.

Kai mai siyarwa ma ka nemi naka lauyan. Ka haɗa takardunka ka biya bashin da ke kai kafin ka saka a kasuwa, kar ka raba fotokofin satifiket ga kowane dillali ba tare da an ja layi an rubuta na dubawa ne kawai ba, da irinsu ake buga na bogi, shi ya sa kake ganin an rubuta wannan gida ba na siyarwa ba ne a jikin bango. Kar ka saki orijina sai ka ga kuɗi a akawun ɗinka ta manhajar bankinka, ba hoton rasit da aka turo a WhatsApp ba.

Kuɗin lauya fa? Ƙa'idar da aka fitar a 2023 ta sa mafi ƙaranci kashi 10 ga lauyan mai siya in kadarar ba ta kai miliyan 50 ba, kason yana raguwa in kuɗin ya haura. Ku zauna ku yi magana tun ranar farko a rubuta, a kuma fayyace ko aikin ya haɗa da bin amincewar gwamna har ƙarshe ko a did ya tsaya, don nan ake samun saɓani.

In fili ne, satin da ka karɓa ka sa bulo ko layi uku ne ka zagaye, ka sa ƙofa, ka gabatar da kanka wajen mai unguwa da maƙwabta ka bar lambar wayarka. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke aiki da shi akwai hauzi, in bare ya shekara 10 yana amfani da wuri kana gani kana gari ba ka ce uffan ba, da wuya a saurare ka daga baya. Takardun kuma ka yi musu hoto ka tura imel ɗinka, orijina a sa a leda mai kauri a ajiye inda gara da ruwa ba za su kai ba, ka gaya wa mutum ɗaya a gidanka inda suke. Ta yayata tana cikin akwatin ƙarfen da ta gada wajen Inna, ƙarƙashin zannuwa, lambar fayil ɗin kuma ta sa na rubuta mata a bangon ɗaki bayan ƙofa.